Tara Waƙoƙi Daban, Adana Su Daban

Ɗalibin da ya kwafo waƙoƙin makaɗan baka ya zuba a kwamfuta, kowace da lamba a maimakon suna, bai adana kome ba, tsibi kawai ya yi. Manhajar sauraren waƙa irin iTunes, idan an shigo mata da waƙa, bayanin da ke rubuce cikin fayil take dubawa, sa'an nan ta ware wa kowane mawaƙi jakarsa. Waƙar da ta zo ba bayani kuwa, sai ta faɗa jakar waɗanda ba a san mai su ba, inda Shata da Ɗanƙwairo za su cakuɗe.

Saboda haka wajibi ne manazarci ya rubuta sunan makaɗi, da wanda aka yi wa waƙar, da shekarar da aka ɗauke ta, tun ranar shigarwa. Ya kuma tabbata bayanin ya zauna cikin fayil, ba cikin manhaja kaɗai ba, domin manhaja ba ta dawwama: a 2019 kamfanin Apple ya janye iTunes daga sabon tsarin kwamfutocinsa na Mac. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a 1999. In bayanin ya salwanta, babu mai komawa ya tambaye su.