Mai kaya ba ya zama shaidar kayansa: Wa ke tantance sinadaran da ke cikin abincinmu?

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, Musulmi mai kula da addininsa idan ya ɗauki kwalin biskit ko kwalbar lemo, abin da yake fara dubawa shi ne ko akwai kitsen alade ko giya a ciki. Wannan taka-tsantsan abin yabo ne. Sai dai a aya ta 168 ta Suratul Baƙara, inda Allah Ya yi wa mutane izinin cin abin da ke bayan ƙasa, sharaɗi biyu Ya gindaya: abin ya zama halal, ya kuma zama ɗayyib. Ibnu Kasir ya bayyana ɗayyib da abu mai kyau a karan kansa, wanda ba ya cutar da jiki ko hankali. A kan sharaɗi na farko muna da malamai da littattafai. Na biyun fa? Wa ke tabbatar mana cewa jan launin da ke cikin alewar yara, ko ragowar maganin feshin da ke jikin tumatir, bai kai ya cutar ba?

Amsar da kowa zai bayar ita ce hukumomi. To amma hukumomin da wa suka dogara? Kafin a amince da sabon maganin ƙwari, ko sinadarin da ake ƙara wa abinci domin launi ko ɗanɗano ko hana lalacewa, ana gwada shi a jikin ɓeraye da wasu dabbobi, a gano adadin da bai yi musu illa ba. Galibi sai a ɗauki kashi ɗaya cikin ɗari na wannan adadi, a ce shi ne abin da mutum zai iya ci kullum. Haka nan ana fesa maganin a gonakin gwaji, a auna abin da ya saura a jikin amfanin, a tsayar da iyakar ragowar da doka ta yarda da ita. A Amurka, da Turai, har da kwamitocin Majalisar Ɗinkin Duniya, mafi yawan waɗannan gwaje-gwaje kamfanin da ke neman izini ne yake biyan kuɗinsu, shi yake zaɓar ɗakin gwajin, shi kuma yake miƙa sakamakon. Aikin hukuma shi ne karanta takardun da aka kawo mata.

Mu fara da Amurka. A 1958 aka yi dokar da ta wajabta neman amincewar hukumar abinci da magunguna ta ƙasar, FDA, kafin a ƙara sabon sinadari a abinci. Dokar ta togace abubuwan da masana suka daɗe da yarda cewa ba su da illa, irin su gishiri da masoro. Wannan 'yar taga, wadda ake kira GRAS, ita ce ta zama babbar ƙofa. Kamfani yana iya tara masanan da ya ga dama, su ce sinadarinsa ya shiga wannan rukuni, ya zuba shi a kasuwa, kuma sanar da hukuma ganin dama ne. Wani bincike da aka buga a mujallar likitanci ta JAMA Internal Medicine a 2013 ya bi diddigin sanarwa 451 da kamfanoni suka aika wa FDA tsakanin 1997 da 2012. A cikinsu duka, wanda ya yanke hukuncin cewa sinadarin ba shi da illa, ko dai ma'aikacin kamfanin ne, ko ma'aikacin wani kamfanin ba da shawara da aka ɗauka haya, ko kuma kwamitin da ɗayansu ya zaɓa.

Ko inda hukuma ke da cikakken iko, ƙafarta kan yi nauyi. A 1990 FDA ta hana amfani da jan launi mai lamba 3 a kayan kwalliya, bayan an ga yana jawo wa ɓeraye ciwon daji. Amma ba ta cire shi daga abinci ba sai a Janairun 2025. Shekara 35 ke nan ana haramta shafa abu a fata, ana halatta haɗiye shi.

Labarin gilifoset, sinadarin da ke cikin maganin ciyawa na Roundup wanda manomanmu suka sani sarai, ya fi nuna yadda hannun kamfani ke kaiwa nesa. A Maris na 2015 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi cikin abubuwan da mai yiwuwa ne suna jawo cutar. Hukumar kiyaye abinci ta Tarayyar Turai da hukumar muhalli ta Amurka suka saɓa mata, kamfanin ma har yau yana musantawa. Saɓani tsakanin masana ba baƙon abu ba ne, kuma ba mu ne za mu raba gardamar ba. Abin da ya dame mu shi ne abin da ya fito fili daga baya. A 2017 aka gano cewa wasu sassa na rahoton da hukumar Jamus ta shirya wa Tarayyar Turai an kwafo su ne daga takardar neman izinin da kamfanonin suka rubuta. A kotunan Amurka kuma, wasiƙun cikin gida na kamfanin Monsanto suka nuna ma'aikatansa suna maganar rubuta maƙalun ilimi da kansu, sannan masana na waje su sa hannu. A 2020 kamfanin Bayer, wanda ya sayi Monsanto, ya amince ya biya fiye da dala biliyan 10 domin sasanta ƙararrakin masu cewa maganin ya sa musu ciwon daji, ba tare da ya amsa laifi ba.

Akwai kuma abin da ba a miƙa ba sam. A 2023 wasu masana biyu na Jami'ar Stockholm a Suwidin, Axel Mie da Christina Rudén, suka gano cewa daga cikin gwaje-gwaje 35 kan illar magungunan ƙwari ga ƙwaƙwalwar ɗan tayi da jariri waɗanda kamfanoni suka miƙa wa Amurka, guda 9 ba a nuna wa hukumomin Turai ba.

Mai karatu zai iya cewa, ina ruwanmu da rigimar Turawa? Ruwanmu yana cikin wata hukuma mai suna Codex Alimentarius, wadda Hukumar Abinci da Noma da Hukumar Lafiya ta Duniya suka kafa a 1963. Ita ke tsara ma'aunin abinci na ƙasa da ƙasa, Nijeriya da Nijar da Ghana duk mambobinta ne, kuma ƙasar da ba ta da ƙarfin yin nata gwajin, ma'aunin Codex take ɗauka. A zaurukanta ƙungiyoyin masana'antu, irin su CropLife International ta masu haɗa magungunan feshi, suna da kujerar 'yan kallo masu damar magana. A 2016 jaridar Guardian ta Ingila ta ba da rahoton cewa masanin da ya shugabanci zaman kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan gilifoset yana riƙe da muƙami a reshen Turai na wata cibiya mai suna ILSI, cibiyar da ta karɓi dala 500,000 daga Monsanto a 2012. Lambar da aka tsayar a irin waɗannan zauruka ita ce ke biyo buhu da gwangwani har madafinmu.

Fiƙihunmu ya daɗe da sanin maganin wannan cuta. Ɗalibin da ya kai babin hukunce-hukunce da shaidu a Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya san cewa ba a karɓar shaidar wanda zai jawo wa kansa amfani da shaidar, ko ya tunkuɗe wa kansa cuta. Ba a karɓar shaidar ɗa domin iyayensa, ko ta miji domin matarsa. Shari'a ba ta ce waɗannan mutane maƙaryata ne ba. Ta san dai cewa zuciya tana karkata wajen abin da take so, ko mai ita bai ankara ba, saboda haka ta toshe ƙofar tuhuma tun kafin a shiga. Haka nan Imam Mawardi, da yake bayanin aikin muhtasibi mai sa ido a kasuwa, ya ambaci cewa daga baitulmali ake ba shi albashi. Kuma a hadisin da Muslim ya ruwaito, lokacin da Annabi (SAW) ya wuce tarin abinci a kasuwa, hannunsa ya cusa a ciki, ya taɓo jiƙaƙƙen da aka ɓoye a ƙasa, ya kuma tsawatar a kan algus. Bai wadatu da abin da mai kaya ya baje a sama ba.

Adalci ne mu saurari ɗaya ɓangaren. Gwajin sinadari guda yana cin miliyoyin daloli, kuma babu hikima a ɗora wa talaka kuɗin gwada hajar da wani zai ci ribarta. Kamfanin ne ya fi kowa sanin abin da ya haɗa. Ba kuma kowane sinadari ne guba ba. Da yawa suna kare abinci daga ruɓa, kuma manomin da ƙwari suka cinye wa gona ya san darajar feshi. Asalin abubuwa halacci ne, don haka bai kamata wani ya hau mumbari ya haramta abin da bai da hujja a kansa ba. Duk mun yarda da wannan. Kamfani ya biya kuɗin gwaji, ya kawo bayanansa a matsayin mai da'awa. Amma zaɓar mai gwaji, da riƙe sakamako, da kujerar alƙali, su zama na wanda ba ya da ko sisi a cikin cinikin. Wannan ba mafarki ba ne. Bayan da 'yan Turai fiye da miliyan ɗaya suka sa hannu a takardar koke a 2017, Tarayyar ta yi dokar da ta fara aiki a Maris na 2021, wadda ta tilasta wa kamfanoni sanar da duk gwajin da suka fara, a kuma bayyana sakamakonsa ga jama'a.

Sai dai kariyar da Turai ta yi wa mutanenta ba ta tsallako teku ba. Wani bincike na ƙungiyar Public Eye da Unearthed ya nuna cewa a 2018 ƙasashen Tarayyar sun ba da takardun fitar da fiye da tan 81,000 na magungunan feshin da aka haramta amfani da su a gonakinsu. Mu ma kuma da namu laifin, domin idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya, saboda an sami sinadarin DDVP, wanda ke cikin Sniper da fiya-fiya, ya kai har miligiram 4.6 a kilo guda, alhali iyakarsu 0.01 ce. Su sun auna, sun rufe ƙofa. Waken da ba a auna ba kuwa, shi ne ƙosai da alalen da 'ya'yanmu ke karyawa da su.

Saboda haka muna kira ga Majalisar Tarayya da ta wadata NAFDAC da ɗakunan gwaji da kuɗin aiki daga asusun gwamnati, yadda za ta riƙa ɗibar samfur a manyan kasuwannin hatsi irin Dawanau, ta kuma wallafa abin da ta gani. Duk masanin da zai zauna a kwamitin tantance sinadari, ko zai wakilci ƙasa a taron Codex, ya bayyana a rubuce kamfanonin da ya taɓa karɓar kuɗinsu. Maganin da aka hana a ƙasar da ta haɗa shi saboda lafiya, kada a yi masa rajista a nan sai da hujjar da ba daga bakin mai sayarwa ta fito ba. Masu ba da shaidar halal su ma su faɗaɗa tambayarsu ta haɗa da ɗayyib.

Malamanmu su tuna da wannan a huɗubobin lokacin kaka. Ɗan kasuwar da ya kwarara fiya-fiya a buhun wake ya sayar bai faɗa ba, ya yi algus, ya kuma ɗauki alhakin duk cikin da ya cutar, alhali ga buhun PICS mai hawa uku da ke kashe ƙwari ta hanyar toshe iska ba tare da magani ba. Manomi ya kiyaye kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba tsakanin feshi da girbi. Iyaye mata su wanke ganye da kayan miya da kyau, su guji hatsin da ke warin magani, tare da sanin cewa wanki yana ragewa ne, ba ya kawar da komai.

Ku kuma ɗalibai, wannan fage naku ne. Al'ummar da ba ta da masanan sinadarai da na guba waɗanda za su karanta rahoton kamfani su gane inda aka yi tsallake, dole ta karɓi duk abin da aka faɗa mata. Samar da irin waɗannan masana farali ne na kifaya, kuma wanda ya shiga ɗakin gwaji da niyyar kare rayukan bayin Allah yana cikin ibada, matuƙar bai sayar da sa hannunsa ba.

Allah Ya ciyar da mu halal mai tsarki, Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, Ya kare mu da zuriyarmu daga cutar da muke gani da wadda ba ma gani. Allah Shi ne Mafi sani.