Sharhin malaman shari'a: Fatawa ce ko hukunci?

A duk lokacin da wata taƙaddama ta taso a Najeriya kan ma'anar tsarin mulki, kafofin yaɗa labarai kan garzaya wajen shaihunan malaman shari'a da manyan lauyoyi domin neman fashin baƙi.

Sau da yawa dai abin da mai sauraro a Dutsin-Ma ko Kurfi kan ji a rediyo shi ne masana biyu, kowanne da tarin ilimi, suna karanta sashe ɗaya na doka amma suna fitar da ma'anoni masu karo da juna.

Tambayar ita ce, wane matsayi ya kamata a bai wa irin wannan sharhi?

Lissafin 1979

Ga mutanen Kurfi wannan ba baƙon lamari ba ne, domin kuwa ɗansu, marigayi Alhaji Ahmadu Kurfi, Maraɗin Katsina, shi ne sakataren hukumar zaɓe ta FEDECO a zaɓen shugaban ƙasa na watan Agustan 1979.

Dokar zaɓe ta lokacin ta ce baya ga rinjayen ƙuri'u, wajibi ne ɗan takara ya samu kashi ɗaya bisa huɗu na ƙuri'un da aka kaɗa a aƙalla kashi biyu bisa uku na jihohin ƙasar, waɗanda a lokacin 19 ne.

Alhaji Shehu Shagari na jam'iyyar NPN ya cika wannan sharaɗi a jihohi 12, amma a Kano ƙuri'u 243,423 ya samu, wato ƙasa kaɗan da kashi 20 cikin 100.

Cif Obafemi Awolowo na UPN ya ce jiha ba ta rabuwa, don haka sai an cika 13. Shi kuwa lauyan NPN, Richard Akinjide, cewa ya yi biyu bisa uku na 19 shi ne 12 da biyu bisa uku, saboda haka a biyu bisa uku na ƙuri'un Kano kaɗai za a nemi kason.

FEDECO ta ayyana Shagari, kuma ranar 26 ga watan Satumba Kotun Ƙoli ta tabbatar da hakan, ko da yake Mai Shari'a Kayode Eso ya saɓa wa sauran alƙalan. Bayan an kafa gwamnati, Akinjide ne ya zama ministan shari'a.

Jinyar 'Yar'aduwa

Shekaru 30 bayan nan, wata taƙaddamar ta sake shafar Katsinawa kai tsaye. A ranar 23 ga watan Nuwamban 2009 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya tafi jinya Saudiyya ba tare da ya rubuta wa Majalisar Dokoki ta Ƙasa wasiƙar miƙa mulki ba.

Sashe na 145 na tsarin mulkin 1999 ya bayyana abin da zai biyo baya idan shugaba ya rubuta wasiƙar, amma ya yi shiru kan abin da za a yi idan bai rubuta ba. An shafe fiye da wata biyu masana na kai-komo a jaridu da gidajen rediyo kan wannan giɓi.

Daga ƙarshe, ranar 9 ga watan Fabrairun 2010, majalisar ta dogara da abin da ta kira ƙa'idar larura, ta ɗauki hirar da shugaban ya yi da BBC a watan Janairu a madadin wasiƙa, ta kuma mayar da Goodluck Jonathan muƙaddashin shugaban ƙasa.

A nan sharhin masana ya yi rana, domin ya fito da raunin dokar fili. A gyaran da aka yi wa tsarin mulki a 2010 an sa wa'adin kwana 21, wanda bayansa majalisa ke da ikon ɗora mataimaki idan wasiƙar ba ta zo ba.

Batun Abuja

A 2023 kuma kalmar "da" ce ta raba kan masana. Sashe na 134 ya buƙaci kashi ɗaya bisa huɗu a biyu bisa uku na jihohi da Babban Birnin Tarayya, alhali Bola Tinubu bai kai wannan kaso a Abuja ba.

Mike Ozekhome na cikin masu ganin Abuja sharaɗi ne mai zaman kansa, yayin da Femi Falana ya ce ana ƙirga ta ne tamkar jiha ta 37.

Kotun sauraron ƙararrakin zaɓe a watan Satumba, da Kotun Ƙoli ranar 26 ga watan Oktoba, duk sun ce Abuja ba ta da wani matsayi na musamman. Kafin hukuncin, magoya baya da dama sun riga sun ɗauki sharhin da ya yi musu daɗi a matsayin gaskiya, abin da ya sa wasunsu suka karɓi hukuncin da zargin an yi rufa-rufa.

Ina masanin ya tsaya?

Wani abin lura shi ne, a Najeriya ba kasafai malamin shari'a kan tsaya a aji kaɗai ba.

Marigayi Farfesa Ben Nwabueze na cikin waɗanda suka tsara daftarin tsarin mulkin 1979, ya kuma riƙe ma'aikatar ilimi a 1993. Farfesa Auwalu Yadudu na Jami'ar Bayero ya kasance mai bai wa Janar Sani Abacha shawara kan harkokin shari'a. Farfesa Itse Sagay ya shugabanci kwamitin da Shugaba Muhammadu Buhari ya kafa a 2015 kan yaƙi da cin hanci, shekarar da Farfesa Yemi Osinbajo ya zama mataimakin shugaban ƙasa.

Wannan gogewa na ƙara wa maganarsu nauyi, to sai dai ta kuma wajabta wa ɗan jarida ya sanar da mai sauraro wa yake magana, da kuma alaƙarsa da masu shari'ar. Dokokin aikin lauya sun hana lauyan da ke cikin shari'a yin kalaman da za su iya karkatar da ita a wajen kotu, amma wannan hani bai hau kan masanin da ke sharhi daga gefe ba.

Malaman fiƙihu sun daɗe da rarrabe aikin mufti da na alƙali: mufti yana bayyana fahimtarsa ne ba tare da tilasta kowa ba, hukuncin alƙali kuwa shi ake zartarwa.

Ga ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, da sauran masu bibiyar siyasa a yankin, wannan ma'auni zai yi amfani a zaɓuka masu zuwa. Sharhin farfesa na taimakawa wajen fahimtar hujjojin kowane ɓangare, amma a dukkan lokutan uku da aka ambata, kotu ko majalisa ce ta yanke magana ta ƙarshe.