Kwazazzaban Ƙarƙashin Teku Da Sakacin Hukuma

A ranar Alhamis, 14 ga watan Maris na 2024, jama'ar Nijeriya suka wayi gari intanet ta yi rauni ƙwarai da gaske. Bankuna suka kasa sallamar masu ajiya yadda suka saba, 'yan kasuwa suka yi ta jiran kuɗin da aka turo musu ba su iso ba. Abin ya shafi Gana da Laberiya da Binin, har da Nijar da Burkina Faso waɗanda ba su da gaɓar teku. Dalili kuwa shi ne manyan wayoyin sadarwa huɗu da ke shimfiɗe a ƙasan Tekun Atalantika, watau WACS da SAT-3 da ACE da MainOne, sun tsinke daura da Abijan, inda wani makeken kwazazzabo ya ratsa ƙasan teku. Faransawa suna kiransa Trou sans Fond, ma'ana ramin da ba shi da gindi. Bayanin da aka bayar ya nuna cewa motsin ƙasa ne a can ƙarƙashin ruwa ya yi ɓarnar. An yi surutu na 'yan kwanaki, da aka gyara sai kowa ya kama gabansa, ba wanda ya tambayi hukuma ko ta san irin waɗannan ramuka da ke gaban gaɓar Nijeriya kanta.

Mafi yawan mutane sun ɗauka ƙasan teku fili ne shimfiɗaɗɗe kamar faƙo. Alhali kuwa ba haka abin yake ba. Daga bakin gaɓa ƙasa tana ci gaba a ƙarƙashin ruwa marar zurfi, kamar dakali a ƙofar gida, har wajen zurfin mita 200. Daga nan sai ta karye ta zama gangare mai sauka har zurfin mita 3,000 zuwa 5,000. A jikin wannan gangare ne kwazazzabai suke, a tsattsage kamar tsagen fuska, kuma ƙidayar da masana suka yi a 2014 ta nuna manyansu sun haura 9,000 a duniya. Wasu suna da bangaye masu tsawon fiye da mita 1,000.

To, me ya haƙa su? Wannan tambaya ta daɗe tana raba kan masana. Wani ɓangare na amsar yana cikin tarihin ƙanƙara. Kimanin shekaru 20,000 da suka wuce ruwa mai yawa ya daskare a arewacin duniya, har teku ta sauka da wajen mita 120. Dakalin nan ya bushe, koguna suka ratsa shi suna zuba yashi da laka a bakin gangare kai tsaye. Da ƙanƙara ta narke teku ta dawo, sai mafi yawan kwazazzaban suka rabu da kogunan da ke ciyar da su, suka yi kwance. Wasu kuma ba su taɓa haɗuwa da kogi ba. Laka ce take taruwa a gangare har ta yi nauyi ta zaftare, wurin da ya zaftare ya bar gefe a tsaye, gefen ma ya sake zaftarewa, ramin ya yi ta cin ƙasa yana hawa sama wajen gaɓa. Duk wanda ya ga yadda zaizaya take cin unguwanni a Gombe, ko yadda ta haɗiye gonaki a Nanka ta Jihar Anambra, ya ga irin wannan aiki da idonsa, sai dai na teku a ɓoye yake yin nasa.

Amma babban mahaƙin shi ne ambaliyar laka. Ruwan da ya cakuɗe da yashi da taɓo ya fi ruwa tsantsa nauyi, saboda haka yakan nutse ya bi gangare a guje, yana kankare ƙasa yana ƙara kaya, ƙarin kayan kuma yana ƙara masa gudu. Wani masani mai suna Reginald Daly ya kawo wannan ra'ayi a 1936, aka yi ta gardama. Abin da ya tabbatar da shi kuwa tsinkewar waya ce. A ranar 18 ga Nuwamba 1929 an yi girgizar ƙasa a teku kusa da tsibirin Newfoundland, wanda yanzu yake cikin Kanada, wayoyin tangarahu 12 suka tsinke. Wasu nan take suka katse, sauran kuwa ɗaya bayan ɗaya, daga sama zuwa ƙasa, har tsawon awa 13. A 1952 Bruce Heezen da Maurice Ewing suka duba lokutan da kamfanoni suka rubuta, suka nuna cewa laka ce ta gangara tana tsinka su bi da bi.

A Afirka ba inda abin ya fi fitowa fili kamar bakin Kogin Kwango. Kwazazzabon can bai taɓa rabuwa da koginsa ba, domin kansa yana cikin bakin kogin ne, kimanin kilomita 30 kafin a fita teku. Masu binciken hanyar shimfiɗa waya ne suka gano shi a 1886, kuma daga ƙarshen wancan ƙarni zuwa 1937 wayar da ta ratsa shi ta tsinke wajen sau 30, galibi a watannin da kogin yake cika. Idan kwazazzabon ya sauka gindin gangare sai ya rikiɗe ya zama kogi a cikin teku, mai lanƙwashe-lanƙwashe, da ganuwar laka dama da hagu wadda ambaliyar take ginawa duk lokacin da ta tumbatsa. Wani sa'in ganuwar takan fashe, hanyar ta sauya, tsohuwar ta mutu. A ƙarshe lakar takan baje kamar faifai a zurfin da ya kusa mita 5,000.

A ƙarshen 2019 wasu masana ƙarƙashin Peter Talling na Jami'ar Durham ta Ingila suka kafa na'urorin awo a cikin wannan hanya. Ana cikin haka Kogin Kwango ya yi cikar da ba a ga irinta ba cikin shekaru 50. Lakar da ya kawo ta taru a bakin kogin ta zauna na 'yan makonni, sai a tsakiyar Janairun 2020 ta ɓalle. Ta yi tafiyar fiye da kilomita 1,100 cikin kwana biyu, gudunta yana ƙaruwa daga mita 5 zuwa mita 8 a daƙiƙa, ta tsinka SAT-3 da WACS, intanet ta raunana daga Nijeriya har Afirka ta Kudu. A watan Agusta na 2023 wayoyin suka sake tsinkewa a wannan wuri. Abin lura a nan shi ne tazarar da ke tsakanin cikar kogi da ɓallewar laka. Ashe masifar tana aiko da manzo kafin ta zo, ga wanda ya sa ido.

Nijeriya ma tana da nata. Akwai kwazazzabon Avon a gabas da Ikko, wanda kansa yake kusa da gaɓa, akwai na Mahin, akwai na Kalaba. Masana sun daɗe da nuna cewa yashin da igiyar ruwa take turawa a gefen gaɓa yakan faɗa cikin waɗannan ramuka ya tafi ke nan. Ƙasar da take kashe maƙudan kuɗi wajen tare teku a Ikko ya kamata ta san yawan yashin da take asara ta wannan ƙofa. Bugu da ƙari, arzikin man fetur na cikin teku mai zurfi, kamar rijiyoyin Bonga da suka fara aiki a 2005 da na Agbami a 2008, yana kwance ne cikin yashin da irin wannan ambaliya ta jibge miliyoyin shekaru da suka wuce. A ƙarƙashin yankin Neja Delta kuma akwai tsofaffin kwazazzabai, kamar na Afam da na Opuama, waɗanda laka ta cike su tuntuni. Kamfanonin mai sun san wannan sarai, domin da shi suke neman abincinsu. Abin takaici shi ne ilmin yana cikin akwatunansu, ɗalibin ilmin duwatsu a Zariya ko Nsukka bai cika samun ganinsa ba.

Wani zai ce ai ba mai iya tare dutsen laka a zurfin mita 3,000, don haka kashe kuɗi a kai ɓarna ce, ga asibitoci ba magani. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ba tarewa ake nema ba. Abin da ake nema shi ne a san wane kwazazzabo ne yake raye, wane ne ya mutu, domin a san inda za a shimfiɗa waya da bututu, kada a jera su duka a maƙogwaro ɗaya kamar yadda aka yi a Abijan. Mutanen da suka haƙa mashigin Vridi na tashar jiragen ruwan Abijan, wanda aka buɗe a 1950, sun fuskantar da bakinsa ga kan kwazazzabon da gangan, don yashi ya riƙa faɗawa ciki maimakon ya toshe hanyar jirage. Sun yi haka ne saboda sun auna wurin tukuna.

Kayan aikin ma ba daga tushe za a faro ba. Cibiyar binciken teku ta ƙasa tana nan a Ikko tun 1975. Rundunar sojan ruwa ta karɓi jirgin awon ƙasan teku mai suna Lana a 2021. An kafa ma'aikatar harkokin teku ta musamman a 2023, kuma a wannan shekarar Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince wa Nijeriya ƙarin kimanin murabba'in kilomita 16,300 na ƙasan teku. Karɓar fili abu ne, sanin abin da ke cikinsa kuma wani abu ne dabam. Ya kamata Gwamnatin Tarayya ta ware kuɗi na shekara-shekara don jirgin ya riƙa auna Avon da Mahin da Kalaba a kai a kai, domin awo ɗaya ba ya nuna ko rami yana motsi, sai an maimaita an gwama. Ya kamata kuma ta wajabta wa kamfanonin mai su buɗe wa jami'o'i taswirorinsu bayan wani wa'adi, sannan Hukumar Sadarwa ta ƙi ba da izinin sauke sabuwar waya sai an nuna mata kwazazzaban da wayar za ta ratsa daga nan har Turai. Ma'aikatan da ke auna cikar Kwara da Binuwai a Lokoja su ma a haɗa su da masu binciken teku, a riƙa musayar rahoto da ƙasashen Kwango da Kodebuwa duk lokacin da kogunansu suka tumbatsa.