Gyaran Tsohon Jirgin Iska Daga Katako Yake Farawa

Wanda ya sayi tsohon ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska, akasari hankalinsa yakan tafi ne ga abubuwan da suka ɓace: jigon da ya karye, ko ƙyallen kama iska, ko katakon juya akala. Wannan kuskure ne babba. Abin da ya ɓace ana ganin gurbinsa, kafinta zai auna ya sassaƙa wani. Haɗarin yana cikin katakon da ya rage, inda wasu halittu suka daɗe suna ci ba a gani.

Na farko shi ne funfuna. Ba ta iya cin katako sai ta sami danshi da iska tare. Katakon da ruwan cikinsa bai kai kashi 20 cikin 100 ba, da wuya ya ruɓe. Saboda haka ruwan sama da ya kwanta cikin jirgin da aka yasar a gaɓa ya fi ruwan gishiri ɓarna. Kwale-kwalen Dufuna, wanda wani makiyayi ya gano a 1987 yana haƙa rijiya a inda yanzu ke jihar Yobe, ya yi kimanin shekara 8,000 bai ruɓe ba, domin laka ta toshe masa iska.

Na biyu yana cikin teku. Masana suna kiransa Teredo navalis. Kamar tsutsa yake a ido, amma ɗan uwan kumba ne, kuma da 'yan ɓawonsa biyu yake huda katako. Yana shiga tun yana ƙarami ta ɗan rami kamar bakin allura, ya raraƙe ciki, waje kuwa yana nan sumul. A farkon shekarun 1730 ya cinye turakun katakon da ke tare teku a ƙasar Holan. Don haka wajibi ne mai gyara ya bi kowane katako da guduma da tsinin wuƙa: wanda ya yi ƙarar holoko, ko wuƙa ta nutse cikinsa, a cire shi.

Sai bayan wannan ake komawa ga sassan da suka ɓace, nan ma da lura. A 1761 rundunar ruwa ta Ingila ta lulluɓe gindin jirgin Alarm da fallayen jan ƙarfe don hana wannan halitta shiga. Dabarar ta ci, amma sai aka tarar ƙusoshin baƙin ƙarfe suna cinyewa. Dalili shi ne, idan ƙarafa iri biyu suka haɗu cikin ruwan gishiri, sukan zama kamar batir, ɗaya ya riƙa zagwanyewa. Duk wanda ya cike gurbin notin tagulla da na baƙin ƙarfe don arha, ya saye wa kansa tsada.

Wani zai ce binciken katako ɗaya bayan ɗaya ɓata lokaci ne, tun da fenti yana rufe aibi. Amma jirgi rayuka yake ɗauka, kuma igiyar ruwa ba ta duba fenti. Ya kamata malaman kimiyya su kai wannan darasi aji: guntun katako jiƙaƙƙe da busasshe, da ƙusa ɗaure da wayar jan ƙarfe cikin ruwan gishiri, sun isa su nuna wa ɗalibi gaskiyar maganar da idonsa.