Sabon Maganin Sankara: Kada Masu Lasifika Su Ruɗe Mu

Jama'a, tun da labari ya bazu cewa likitocin Turai da Amurka suna sa jikin mutum ya yaƙi sankara da kansa, masu tallar magani a tashoshin mota suka sami abin faɗa. Kowa ya ɗauko kwalbarsa yana cewa tana ƙara garkuwar jiki, tana kashe ciwon daji. To, bari mu ga yadda abin yake.

A shekarar 2015 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da wata allura mai suna Imlygic. Masana suka ɗauko ƙwayar cutar nan da ke kawo ƙuraje a leɓe bayan zazzaɓi, suka rage mata dafi, suka ɗora mata umarnin yin wani furotin da ake kira GM-CSF. Likita yakan tsira allurar cikin ƙarin kansa. Ƙwayar ta kutsa cikin ƙwayoyin sankara, ta hayayyafa, ta sa su su yi furotin ɗin da kansu, sa'an nan su fashe. Shi kuma furotin ya kira fararen ƙwayoyin jini, wato sojojin jiki, su zo su gane abokin gaba. Dabara ce mai kyau ƙwarai.

Amma fa a lura. Don sankarar fata da ake kira melanoma aka yi ta, ba kowace sankara ba. A gwajin da aka yi da mutum 436, kimanin 16 cikin 100 na waɗanda aka yi wa ita ne ƙarinsu ya lafa har wata shida ko fiye. Kuma sai an adana ta cikin sanyi na digiri 70 ƙasa da sifiri, ko ma fiye. Ina mai kwalba a rana tsaka zai sami wannan?

Mu baƙar fata, irin wannan sankara takan fito mana a tafin ƙafa, baƙin tabo kamar ba kome ba. Manomi sai ya ce ƙaya ce ta soke shi, ya yi ta shafa mai har shekara ta zagayo. Ina roƙon hukumomin lafiya na jihohinmu su hana wannan talla ta lasifika, su kuma koya wa malaman asibiti na ƙauye duba tafin ƙafa. Wanda aka ga tabonsa na girma ko yana jini, a tura shi asibitin koyarwa na Shika ko na Kano tun ana iya yanke shi.