Kafin Ka Ƙirga Kuɗin Babur Na Hannu

A watan jiya wani ɗan yayata ya shigo gidana cike da fara'a, yana tura babur ƙirar Boxer mai sheƙi kamar ranar aka kwance shi daga kwali. Abin da ya tara na shekara biyu a kan keken ɗinki ya zuba, ya cika da kuɗin tunkiyar mahaifiyarsa. Ban so in rage masa murna ba, amma sai da na tambaye shi rasit ɗin asali. Ya ce, "Kawu, dillalin ya ce zai kawo." Bayan mako biyu ni ne na tsaya masa beli, domin mai babur ɗin na gaskiya ya gane kayansa a bakin kasuwa. Babur ya koma ga mai shi, dillali ya yi layar zana, kuɗi kuma sai labari.

Tsadar sabon babur ta tura malamin makaranta da ɗalibi da ɗan acaɓa zuwa ga na hannu, kuma babu aibi a cikin haka. Aibin shi ne yadda muke cinikin: a duba fenti, a murza totur, a ji ƙara, a yi sallama.

A Ingila, duk babur ɗin da ya kai shekara 3 sai an yi masa gwajin lafiya da suke kira MOT kowace shekara. Mai saye yana iya sanya lambar babur a intanet ya ga sakamakon gwaje-gwajen baya, da abin da mita ta nuna a kowane gwaji. Mu a nan mai saye ba ya samun irin wannan kundi a tafin hannunsa. Tarihin babur ɗinmu a takardunsa da jikinsa yake, sai wanda ya yi haƙurin karantawa.

A fara da takardu. A nemi rasit ɗin farko da takardun rajista, sannan a gwama lambar inji da lambar jiki, wadda galibi ake bugawa a wuyan babur, da abin da ke rubuce. Idan an ga alamar gurzawa ko sabon fenti a kan lambar, ciniki ya mutu a nan, kome arharsa. Karɓar kayan sata laifi ne a dokar Final Kod, kuma kafin mutum ya gamsar da hukuma cewa bai sani ba, ya riga ya sha wuya.

Sai inji. Ka je da bakanikenka, ba wanda dillali ya kawo ba, kuma ka je da sassafe. Taɓa injin ka tabbata da sanyinsa kafin a tayar, domin inji mai ciwo yakan ɓoye ciwonsa idan ya yi zafi. Shuɗin hayaƙi daga salansa yana nufin injin na shan baƙin mai, wato ringi ya cinye. Baƙin hayaƙi kuwa fetur ne ya yi yawa, sau da yawa daga kafireta. A zaro ma'aunin baƙin mai a duba: idan ya yi kauri fiye da kima, mai yiwuwa an zuba shi ne don a danne ƙarar da ba a so ka ji. Notunan inji da suka sha sifana suna shaida cewa an taɓa buɗe shi.

Kada ka gaskata mita, domin ana mayar da ita baya, ana ma canja ta. Robar taka ƙafa, da haƙoran da sarƙa ke bi, da faifan kulochi sun fi ta faɗin gaskiya. A gefen taya akwai lambobi huɗu: 2319, alal misali, na nufin mako na 23 na shekarar 2019. A leƙa ƙarƙashin tanki da kujera ko akwai walda, domin ƙashin da ya taɓa karyewa ba ya komawa daidai. Daga nan ka hau, ka bi giya ɗaya bayan ɗaya, ka gwada birkin gaba da na baya, ka lura ko kan babur na ja gefe guda.

Idan an daidaita, a rubuta yarjejeniya mai ɗauke da lambobin nan biyu, da shaidu, da kwafin katin shaidar mai sayarwa, sannan a hanzarta sauya sunan mai shi a ofishin rajista. Wasu na ganin neman wannan rashin yarda ne. Ni kuwa na lura mai gaskiya ba ya jin haushin alƙalami.

Ɗan yayata ya koma kan kekensa, ya sake buɗe asusu. Ya ce idan kuɗin sun taru, tare za mu je kasuwa, kuma da sassafe.