Kunnenmu ne ya toshe, ba muryar mata ce ta dushe ba

A tambayi kowane malamin makaranta a Maraɗi ko Damagaram ya lissafa manyan mawaƙan Hausa, nan take zai jero su kamar mai jan carbi: Narambaɗa, Ɗanƙwairo, Shata, Ɗan Anace, Ɗan Gurmu na Tawa, Ma'azu Ɗan Alalo. A ce masa to, ya kawo mata biyar. Zai ambaci Barmani Coge, wataƙila ya ƙara da Uwaliya Mai Amada, daga nan sai sosa ƙeya. Wannan sosa ƙeya ita ce abin da nake tuhuma, domin ba ƙarancin mawaƙa mata ne ya haife ta ba. Mu da ke riƙe da alli da kuma ragamar ƙungiyoyin al'adu mu ne muka yanke, ba tare da mun taɓa zama mun tattauna ba, cewa abin da namiji ya rera adabi ne, abin da mace ta rera kuwa hayaniyar cikin gida ce.

Dubi kayan kiɗan kansu. Kotso da taushi da kalangu ana haɗa su ne don kiɗa kawai, suna da masu su, suna da gado, ana rataye su a ajiye. Mace kuwa da kayan aikinta take kiɗa. Ƙwaryar da ta dama fura a ciki ita za ta kifa a kan ruwa ta yi amada. Turmi da taɓarya su ne ke ba da lugude. Ƴan uwanmu Buzaye sukan ɗaure wa turmin nan fatar akuya ya zama tande, a gama biki a kwance fatar, turmi ya koma daka hatsi. Saboda haka idan mai bincike ya shigo gari yana neman makaɗa, sai a kai shi ƙofar fada; ba wanda zai kai shi gindin murhu, alhali kuwa a can ake reno da waƙa, a yi niƙa da waƙa, a yi daɓe da waƙa, a raka amarya da waƙa. Yaron Bahaushe bai fara jin karin waƙa daga bakin makaɗin sarki ba. A bayan uwarsa ya ji shi.

Na san hujjojin da ake kawowa, kuma ba zan kauce musu ba. Ana cewa muryar mace al'aura ce. Malamai sun yi saɓani a kan wannan, kuma hadisin ƴan matan da suka yi waƙa ranar Idi a ɗakin Nana A'isha ba ɓoyayye ba ne. Ballantana a ƙasar nan tamu, Nana Asma'u ƴar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da waƙa ta karantar da matan karkara, jajinta suna haddacewa suna kai musu har gida. Ana kuma cewa zabiya maroƙiya ce, kuma a bakin Barmani akwai batsa. To, Shata fa? Bai yi roƙo ba, bai yi zambo ba, bai sha giya a bainar jama'a ba? An yafe masa duka saboda fasaharsa, an rubuta kundaye a kansa, kuma daidai ne. Sai dai mudun da aka auna shi da shi, in an zo kan mace sai a ɓoye shi a ɗauko wani ƙarami. Barmani, da ta rasu a Funtuwa a 2013, ta shafe shekaru tana faɗa wa matan kulle su kama sana'a, tana zancen kishi da haihuwa da talauci da harshen da mata ke yi wa juna magana in ba namiji a wurin. Wanda ke son sanin yadda Bahaushiya ta ɗauki zaman aure a ƙarni na 20, a nan zai samu, ba a rahoton wata ƙungiyar agaji ba.

Ba sai mun tsallaka iyaka ba ma. Hamsu Garba a Maraɗi aka haife ta a 1958. Ta kafa ƙungiyar Annashuwa a 1991, ta yi waƙa da Hausa da Zabarmanci, ta shiga siyasa da muryarta har aka tsare ta a Yamai a 2016, ta rasu a 2022. Wanda ya fara ba ta babi guda a littafin ilimi ƴar ƙasar nan ce, Usaina Alidu, amma da Ingilishi ta rubuta, a Amurka aka buga a 2005. Ɗaliban sakandare nawa ne a Maraɗi aka taɓa ba su waƙarta guda su rubuta baitocinta, su fitar da jigo da salo, kamar yadda ake yi wa waƙoƙin Faransa? Fati Nijar, ita ma ƴar Maraɗi, sai da ta je Kano aka naɗa mata sunan gimbiyar mawaƙa. Abin da ya fi ciwo shi ne labarin ƴan matan Illigadad, wani ƙauye a jihar Tawa: Fatu Saidi Gali ta koyi jita da ta ɗan uwanta, wani ƙaramin kamfanin Amurka mai suna Sahel Sounds ya fitar da faifansu a 2016, suka zaga Turai da Amurka da jita da tande. Da yawa daga cikinmu daga bakin baƙi muka ji sunansu. Gasar kiɗa ta ƙasa tana ɗauke da sunan Ɗan Gurmu, cibiyar koyon kiɗa ta Yamai tana ɗauke da na Alhaji Taya, kuma sun cancanta. Mai karatu ya ci gaba da jerin da kansa, ya ga tafiyar da zai yi kafin ya iske sunan mace.

Waɗannan ma masu sa'a ne, tunda an ɗauki muryarsu. Damuwata ta fi karkata ga tsohuwar da ba ta taɓa ganin makirfo ba. Injin niƙa ya rage wa mata wahala, ba mai hankalin da zai yi kewar dutsen niƙa, amma da dutsen ya tafi, waƙarsa ta bi shi. Siminti ya kori daɓe. Dandalin gaɗa ya zama wurin kallon waya. Waƙoƙin nan ba a rubuce suke ba, suna cikin kan matan da suka haura saba'in, kuma duk wadda aka kai makwanci ta tafi da nata.

Ba a bukatar kuɗin wata hukuma. Wayar da ke aljihun kowane malami ta fi na'urar da masu binciken CELHTO suka yi yawo da ita a shekarun 1970. A ba kowane ɗalibi aikin hutu: ya zauna gaban kakarsa, ya nemi izninta, ya ɗauki waƙa uku, ya rubuta sunanta da garinta da lokacin da ake rera kowace. Sunan nan shi ne sharaɗi, kada a sake rubuta "waƙar gargajiya" a inda ya kamata a rubuta sunan mutum. Inda ɗa namiji ba zai iya shiga ba, malamai mata da ɗalibai mata su shiga. Ƙungiyar kowane gari ta ajiye kwafi biyu, ta miƙa ɗaya ga gidan rediyon gari, tare da lambar wayar dangin mai waƙar, don in wani ya zo saye a san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.